Me ya sa ake ƙanƙantar da na'urorin asibiti, kuma ina iyakar amfanin hakan?

Tambaya: Ni ungozoma ce a wani ƙaramin asibiti na karkara. An kawo mana na'urar sikanin da ake riƙewa a tafin hannu, ana jona ta da waya, hoton ya fito a fuskar wayar. Wasu abokan aikina sun ce wannan kayan wasa ne, in ana son sikanin na gaske sai babbar na'ura mai tayoyi ta babban asibiti. Me ya sa masu ƙera kayan asibiti suka dage da ƙanƙantar da su, kuma ƙaramar na'ura tana yin aikin babba kuwa?

Amsa: Malama, na'urar da ke hannunki ba kayan wasa ba ce, sai dai kuma ba ta yin duk abin da babbar take yi, kuma wanda ya faɗa miki ɗaya daga cikin maganganun nan ya bar ɗayar bai cika miki bayani ba. A fannin ƙera na'urorin asibiti da kula da su, wanda shi ne aikina, ƙanƙanta ba ta da wata daraja a karan kanta. Tana zama alheri ne idan ta cim ma ɗayan abu biyu: ko ta kawar da ɓangaren na'urar da ke cutar da majinyaci, ko ta ɗauki na'urar ta kai ta inda majinyacin yake maimakon a ɗauko shi a kawo shi inda take. Ƙanƙantar da ba ta yi ko ɗaya daga cikinsu ba, a ganina, ado ne na kasuwa, kuma yawanci majinyaci ne ke biyan kuɗinsa.

Misalin da ya fi fito da dalili na farko fili shi ne na'urar daidaita bugun zuciya, wadda jama'a suka fi sani da batirin zuciya. A tsakiyar shekarun 1950 wannan na'ura babban akwati ce da ake ɗorawa a kan keken turawa a jona ta da wutar bango, don haka tafiyar majinyaci ba ta wuce tsawon wayar. Ranar 31 ga Oktoba, 1957, wuta ta ɗauke a birnin Minneapolis na Amurka, a daidai lokacin da likitan fiɗar zuciya Walton Lillehei yake da yaran da aka yi wa tiyata waɗanda bugun zuciyarsu ya dogara da irin waɗannan akwatuna. Ke da kika sha tsayawa a ɗakin haihuwa kina jiran a tayar da janareta ba sai an kwatanta miki tashin hankalin da ke cikin wannan ba. Lillehei ya roƙi Earl Bakken, injiniyan da ke gyara wa asibitin kayan lantarki, ya haɗa masa wadda ke aiki da batir, kuma cikin 'yan makonni Bakken ya kawo wadda ake iya ratayawa a jikin majinyaci. Abin da ya ba shi wannan dama shi ne tiransisto, wanda aka ƙirƙiro a ɗakin binciken kamfanin Bell a 1947, ya maye gurbin manyan ƙwayayen gilashi masu zafi da shan wuta da ake amfani da su a rediyo da sauran kayan lantarki na wancan zamani.

Shekara guda bayan haka, ranar 8 ga Oktoba, 1958, a asibitin Karolinska da ke Stockholm a ƙasar Suwidin, likita Åke Senning ya dasa na'urar farko da ta shige cikin jikin mutum gaba ɗaya. Injiniya Rune Elmqvist ne ya haɗa ta, ya zuba kayanta a cikin roba mai daskarewa, kuma gwangwanin man goge takalmi ya yi amfani da shi wajen fitar da siffarta. Majinyacin, Arne Larsson, yana da shekara 43 a lokacin. Ta farko sa'o'i kaɗan ta yi ta mutu, aka sa masa wata, haka aka yi ta sauya masa har ya yi amfani da sama da 20 a rayuwarsa, ya rasu a 2001 yana da shekara 86, bayan likitan da injiniyan duk sun riga shi. Batiran farko masu sinadarin makuri ba sa wuce kimanin shekara 2, kuma kowane sauyin batir sabuwar tiyata ce da sabon haɗarin shigar ƙwayoyin cuta. Sai a farkon shekarun 1970, da batirin litiyom da aidin wanda Wilson Greatbatch ya yi tsayin daka wajen kawo shi wannan fanni, wa'adin ya kai kusan shekara 10.

Daga nan na'urar ta zauna a siffar da aka sani har yau: ƙaramin akwatin ƙarfe mai nauyin giram 20 zuwa 30 da ake yanka masa aljihu a ƙarƙashin fata a saman ƙirji, da siririyar waya da ke bin jijiyar jini ta gangara cikin zuciya. Akwatin ya yi ƙanƙanta daidai gwargwado, amma yawancin matsalolin da ake samu ba daga cikinsa suke fitowa ba, daga wayar ne da aljihun. Zuciya tana bugawa kusan sau 100,000 a yini, wato sama da sau miliyan 35 a shekara, kuma kowane bugu yana lanƙwasa wayar, har wata rana rufinta ya tsage ko ita kanta ta karye. Idan aljihun ya kamu da ƙwayoyin cuta, wayar ce ke zama musu hanya har cikin zuciya, sannan cire wayar da ta shekara da shekaru ta manne da bangon jijiya aiki ne mai haɗari da ba kowane asibiti ke iya shi ba. A jikin dattijo maras ƙiba kuwa akwatin kan ci fatar har ya leƙo waje.

Saboda haka da aka ce za a ƙara ƙanƙantar da batirin zuciya, abin da ake nema shi ne ya yi ƙanƙantar da zai zauna cikin zuciyar kanta, a rabu da waya da aljihu baki ɗaya. Na'urar Micra ta kamfanin Medtronic, wadda hukumar kula da abinci da magunguna ta Amurka ta amince da ita a 2016, tsawonta kusan milimita 26 ne, kaurinta bai kai milimita 7 ba, nauyinta kimanin giram 2. Ana zura ta ne ta jijiyar cinya a cikin bututu har ɗakin zuciya na ƙasa na dama, inda wasu 'yan ƙugiyoyi huɗu na gaurayen nikel da titaniyom ke buɗewa su kama naman zuciya. Babu yanka a ƙirji, babu tabo, babu wayar da za ta karye. Wannan ita ce ƙanƙantar da kwalliya ta biya kuɗin sabulu, domin abin da aka cire shi ne ainihin abin da ke jawo wa majinyaci ciwo.

Duk da haka ba a same ta kyauta ba. A farkon fitowarta ɗaki ɗaya kawai na zuciya take iya motsawa, alhali majinyata da yawa suna buƙatar a daidaita na sama da na ƙasa tare, kuma sai a 2023 aka amince da tsarin kamfanin Abbott mai na'urori biyu da ke aika wa juna saƙo a cikin zuciya. Bututun da ake zura ta da shi yana da kauri, kuma a wasu 'yan lokuta yakan huda bangon zuciya. Idan batirinta ya ƙare bayan shekara 10 ko fiye, nama ya riga ya lulluɓe ta, don haka sau da yawa a kan bar ta a wurin a dasa wata a gefenta, abin da ke sa likita ya yi dogon tunani kafin ya sa wa matashi. Wata irinta mai suna Nanostim, wadda ta riga ta shiga kasuwar Turai, an dakatar da dasa ta a 2016 saboda batirinta yana mutuwa kafin wa'adi. Farashin na'urar maras waya kuma ya ninka na tsohuwar siffa, shi ya sa ga mafi yawan majinyata, musamman inda iyali ne ke haɗa kuɗin tiyata, mai wayar ce har yanzu zaɓin da ya dace.

Labarin Nanostim ya kai mu ga abin da ke wahalar da injiniya a wannan aiki. Sassan lantarki suna ƙanƙancewa cikin sauƙi, tun daga 1958 da 1959 da Jack Kilby da Robert Noyce suka nuna yadda za a zana da'irar lantarki gaba ɗaya a kan ɗan guntun abu guda, har yau da ake zana miliyoyin tiransisto a kan silikon da bai kai farce ba. Batir kuwa ba ya bin wannan hanya, domin ƙarfin da yake ɗauka ya dogara da yawan sinadarin da ke cikinsa. Idan aka rage tsawo da faɗi da kaurin batir kowanne da rabi, abin da ya rage ba rabin ƙarfinsa ba ne, kashi ɗaya ne cikin takwas. Mafita ɗaya ce, a rage shan wutar na'urar, kuma an rage shi har ta kai batirin zuciya ba ya jan kashi ɗaya cikin dubu na abin da ɗan ƙwan tocila yake ja. Ana auna mafi ƙarancin wutar da za ta motsa zuciyar wannan majinyaci a ba ta daidai hakan da ɗan ƙari, ana gajarta tsawon kowane bugun wuta, ana kuma barin sassan da ba a buƙata su yi barci tsakanin bugu da bugu. Wasu na'urorin ma an raba su da batir gaba ɗaya, kamar CardioMEMS da aka amince da ita a 2014, wadda ake ajiyewa a jijiyar huhu don auna hawan jini a wurin ga masu raunin zuciya, kuma tana samun wutarta ne daga matashin da majinyaci ke kwanciya a kai lokacin awo.

Bayan batir akwai zafi da ruwa. Ƙa'idar ƙasa da ƙasa ta na'urorin da ake dasawa ba ta yarda bayan na'ura ya fi zafin jiki da sama da digiri 2 ba, kuma duk lokacin da aka cusa aiki mai yawa a wuri ƙarami, zafin a wuri guda yake taruwa. Cikin jikin mutum kuwa ruwan gishiri ne mai ɗumi da ke cin ƙarfe ba dare ba rana, don haka ake rufe na'urar a kwanson titaniyom a yi masa walda da hasken lesa, a kuma toshe inda waya ke fita da gilashi ko tangaran na musamman. Kaurin wannan kwanso yana da iyakar da ba a iya sauka ƙasa da ita, saboda haka gwargwadon ƙanƙantar na'ura, gwargwadon yadda kwanson ke cinye wurin da batir zai zauna.

Akwai kuma wurin da ƙanƙanta ke zama illa kai tsaye, kuma wannan kin fi ni saninsa a aikace. Likitan Faransa Jean Poiseuille ya nuna tun a shekarun 1840 cewa idan aka rage faɗin bututu da rabi, ruwan da zai bi ta ciki yana raguwa har sau 16. Duba bayan ledar kanula za ki ga an rubuta adadin: mai ruwan toka, wadda ta fi faɗi, tana shigar da kimanin mililita 180 a minti, shuɗiya siririya kuwa kimanin 35. Ke nan lita ɗaya ta ƙarin ruwa da za ta shige cikin minti 6 ta mai ruwan toka, sai ta ci kusan rabin sa'a ta shuɗiyar. Shuɗiyar ta fi sauƙin shiga jijiya, ta fi rashin zafi, amma ga macen da jini ya ɓalle mata bayan haihuwa wannan rabin sa'a ba ta da shi. Babu wata dabarar ƙira da za ta sauya wannan doka. Haka ma ashanar tazarar haihuwa da kuke sakawa a dantse: an taso daga sanduna shida na Norplant zuwa sanda ɗaya mai tsawon santimita 4 da kaurin milimita 2, sakawa da cirewa suka yi sauƙi, amma idan ta yi zurfi takan ɓace wa yatsa, har sai da aka ƙara mata sinadarin bariyom domin hoton eksire ya iya nuna inda take.

Kyamarar da ake haɗiyewa ta nuna fuskokin biyu a lokaci guda. Injiniya Gavriel Iddan na Isra'ila da likita Paul Swain na Landan ne suka yi fice wajen samar da ita, aka amince da ita a Amurka a 2001. Kafso ce mai tsawon milimita 26 da faɗin 11, ɗauke da kyamara da fitila da batir, tana ɗaukar hoto biyu a daƙiƙa na kusan sa'a 8, ta bi ƙaramin hanji mai tsawon kimanin mita 6 wanda bututun da ake zurawa ta baki ko ta dubura ba ya kaiwa tsakiyarsa cikin sauƙi. Ta nuna wa likitoci wuraren zubar jini da a da sai an buɗe ciki ake ganin su. Amma ba a iya juya ta ta sake duban wuri, ba ta gutsuro nama don gwaji, ba ta tsayar da jinin da ta gani, kuma inda hanji ya tsuke takan maƙale.

Dalili na biyu, wato kai na'ura inda majinyaci yake, shi ya fi shafar aikinki. Na'urar auna wutar zuciya da Willem Einthoven ya haɗa a Leiden ta ƙasar Holan a farkon ƙarni na 20 tana da nauyin kusan kilo 270, mutum biyar ke sarrafa ta, majinyaci kuma sai ya tsoma hannuwa da ƙafa a bokitan ruwan gishiri. Ta farko da Norman Holter ya goya a baya a 1947 kilo 38 ce. Yau akwai wadda ake turawa ƙarƙashin fatar ƙirji ta shekara 3 tana sauraron zuciya, kuma amfaninta shi ne rikicewar bugun da ke zuwa sau ɗaya a wata ba ta jiran ranar da mutum ya je asibiti. A gwajin jini ma haka ne. Bakwaini mai nauyin kilo 1 duk jinin jikinsa bai wuce kimanin mililita 90 ba, don haka na'urar da ke gwaji da ɗigo ɗaya maimakon cikin sirinji tana kare shi daga ƙarancin jinin da gwaje-gwajen kansu ke haddasawa. Tsinken gwajin zazzaɓin cizon sauro da kike amfani da shi kullum, wanda ke ba da amsa cikin minti 15 zuwa 20, ɗakin gwaji ne aka naɗe a cikin 'yar roba, kuma shi ya sa shawarar da Hukumar Lafiya ta Duniya ta bayar a 2010, cewa a gwada kafin a ba da magani, ta zama abin da ake iya aikatawa a ƙauye.

Gwajin tarin fuka kuma ya koya mana cewa ƙanƙanta kaɗai ba ta isar da na'ura karkara. Na'urar gwajin GeneXpert, wadda Hukumar Lafiya ta Duniya ta amince da ita a Disamban 2010, ta tattara aikin da kan ɗauki makonni ana renon ƙwayar cuta ta mayar da shi cikin ɗan kwanso guda, amsa ta fito cikin ƙasa da sa'a 2, har da bayanin ko cutar tana bijire wa maganin rifamfisin. Tana zama a kan tebur, amma tana son wuta maras yankewa da ɗakin da zafinsa bai wuce digiri 30 ba, wato sai da na'urar sanyaya ɗaki da abin da zai riƙe ta. A Sakkwato ko Maiduguri ko Yamai, inda zafin watan Afrilu ke haura digiri 40, wannan sharaɗi ne mai nauyi. Truenat, wadda aka ƙera a Indiya kuma hukumar ta amince da ita a 2020, tana aiki da batir tana kuma jure zafi har digiri 40, domin waɗanda suka ƙera ta sun yi tunanin asibiti irin naki tun daga zanen farko.

Na'urar sikanin kuwa, kan da ake gogawa a fatar ciki a al'adance yana ɗauke da jerin 'yan lu'ulu'u na musamman da ke karkarwa idan an ba su wuta, su aika sautin da kunne ba ya ji, su kuma karɓi amsa-kuwwarsa. Babban akwatin mai tayoyi shi ke lissafin da ke mayar da amsa-kuwwar hoto. Abin da ya faru shi ne wannan lissafi ya koma cikin kan da cikin wayar hannu, wasu kamfanonin ma suka sauya lu'ulu'un, kamar Butterfly iQ da aka amince da ita a 2017, mai 'yan fatu masu karkarwa kusan 9,000 da aka zana a kan silikon, aka fitar da ita kasuwa a ƙasa da dala 2,000. Ko taki irin wannan ce ko mai lu'ulu'u, tambayoyin da take iya amsawa a hannun wadda aka horar su ne waɗanda suka fi kashe mata da jarirai idan ba a san amsarsu ba: shin zuciyar jariri tana bugawa, ɗaya ne ko tagwaye, da kai ya juyo ko a zaune yake ko a gicciye, ina mabiyiya ta zauna, ruwan ya yi kaɗan ko ya yi yawa, kuma cikin wata nawa ne. Tun 2016 Hukumar Lafiya ta Duniya ta ba da shawarar a yi wa kowace mai ciki sikanin sau ɗaya kafin mako 24, kuma mata da yawa da ke zuwa awo wurinki ba za su yi tafiyar rabin yini da kuɗin mota don wannan ba. Idan kika ga mabiyiya ta tare bakin mahaifa a wata na takwas, kin sami damar tura matar asibitin da ke da ɗakin tiyata da jini da rana tsaka tana tafiya da ƙafarta, maimakon a nemi mota da tsakar dare jini yana zuba. Wannan kaɗai ya isa dalilin kasancewar na'urar a teburinki.

Abokan aikinki suna da gaskiya ta wani gefen. Binciken ƙwaƙwaf na halittar jariri, irin ɗakunan zuciyarsa da ƙwaƙwalwarsa da ƙodarsa, da auna gudun jini a ƙananan jijiyoyi, aikin babbar na'ura ne da ƙwararren mai sikanin. Ƙaramar tana rasa kaifi idan abin da ake nema yana da zurfi ko majinyaciya tana da ƙiba, tana ɗaukar zafi idan aka daɗe ana aiki har ta dakata da kanta, fuskar waya kuma ƙarama ce, hasken rana yana dushe ta. Abin da na fi jin tsoro shi ne a ce wa mace an yi sikanin komai lafiya, alhali tambaya biyar ko shida kawai aka duba, ta tafi da kwanciyar hankalin da zai hana ta zuwa babban asibiti ranar da ya kamata. Ki riƙa rubuta abin da kika duba da abin da ba ki duba ba a katin awo, kuma ki nemi a haɗa ku da wani ƙwararre da zai riƙa bitar hotunanku lokaci zuwa lokaci, domin horon kwana uku ba ya wadatarwa.

Akwai wata illar da ke biyo bayan araha, kuma 'yar na'urar auna iskar oksijin da ake maƙalawa a yatsa ce shaida. Injiniyan Japan Takuo Aoyagi ne ya gano dabararta a farkon shekarun 1970: ana haska jan haske da wani hasken da ido ba ya gani ta cikin yatsa, a auna yadda jini ke shanye kowanne. Da ta ƙanƙance ta yi araha, sai kasuwa ta cika da ire-irenta da ba a taɓa gwada su da jinin mutum ba. Har masu ingancin ma, binciken da aka yi a Jami'ar Michigan aka wallafa a Disamban 2020 ya nuna cewa a cikin majinyatan da na'urar ta nuna musu kashi 92 zuwa 96, waɗanda ainihin oksijin ɗin jininsu ya faɗi ƙasa da kashi 88 sun kai kashi 11.7 cikin ɗari a baƙaƙen fata, alhali a fararen fata kashi 3.6 ne. Kusan duk majinyatanmu baƙaƙen fata ne, ga baƙin lalle a yatsun mata da shi ma ke rikita awon, ga yatsan jariri da bai cika bakin na'urar manya ba. Idan yaro yana numfashi da sauri ƙirjinsa yana lotsawa, lambar da ke fuskar na'ura ba ta soke abin da idonki ya gani.

Abu na ƙarshe shi ne gyara, kuma a nan ne nake ganin an fi yi mana sakaci. Binciken da masana na Jami'ar Duke ta Amurka suka wallafa a 2011, wanda ya duba na'urori sama da 112,000 a asibitocin ƙasashe masu tasowa 16, ya tarar kusan kashi 38 cikin ɗari ba sa aiki, kuma manyan dalilan su ne rashin horo, rashin tsarin kula da kaya, da rashin wuta da makamantanta. Tsohuwar babbar na'ura, duk da nauyinta, ana iya kwance ta da sukudireba a gano abin da ya ƙone a sauya shi a ranar. Ƙaramar an like ta da gam, komai nata yana kan allo guda, batirin yana ciki, don haka idan ta faɗi ƙasa ta tsage ko batirin ya gaji, mai gyaran asibiti ba shi da ta yi sai a mayar wa kamfani ko a sayi sabuwa. Wasu kuma ba sa buɗewa sai an biya kuɗin rajista na shekara-shekara, ko sai sun shiga intanet lokaci zuwa lokaci, ko kuma ba sa aiki sai da wasu nau'o'in waya, sannan idan aikin da ya kawo su ya ƙare babu wanda ya ware kuɗin ci gaba da biya.

Saboda haka tun waɗanda suka kawo muku na'urar ba su yi nisa ba, ki sa shugaban asibitinku ya karɓi amsar waɗannan a rubuce: wane ne wakilin kamfanin a cikin ƙasa, shekara nawa ne garantin kuma ya haɗa da faɗuwa ko bai haɗa ba, ana sauya batirin kuma nawa ne, akwai kuɗin rajista kuma wa zai biya bayan shekarar farko, da wane ruwan kashe ƙwayoyin cuta aka yarda a goge kan ba tare da ya ci robarsa ba, kuma ina hotunan mata suke tafiya idan wayar ta shiga intanet. A keɓe mata waya ta asibiti, kada a riƙa jona ta da wayar ma'aikaci. Batirin litiyom yana saurin tsufa a zafi, don haka kada a bar ta a bakin taga ko cikin mota, kuma idan da sola kuke caji, a yi shi da safe a inuwa kafin ɗakin ya ɗauki zafi.